Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Kuɗin da Ba Naka Ba

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a tsakanin ma'aikata, amma ba a cika yin ta a bainar jama'a ba, sai dai a majalisa bayan sallar Isha'i, ko a ofishin malamai idan shugaban makaranta ya fita. Tambayar ita ce: idan ƙarshen wata ya yi, ma'aikaci ya ji alat ya shigo wayarsa, ya duba ya ga an yi masa ƙari a kan albashinsa bisa kuskure, ko an biya shi sau biyu, ko an ci gaba da ba shi alawus ɗin muƙamin da ya riga ya bari, shin wajibi ne ya je ya faɗa, ko kuwa ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ɗauka rabo ne ya rantse? Na sha jin ana tafka muhawara a kan wannan batu a nan wajenmu Kaugama, a tsakanin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da sauran masu jiran ƙarshen wata. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, masu cewa a yi shiru galibinsu mutanen kirki ne, masu sahun gaba a masallaci, waɗanda ko allurar maƙwabci ba za su iya ɗauka ba.

Ni dai a nawa ra'ayi, amsar a fili take: a faɗa, kuma a mayar. Amma da yake wa'azi ya yi mana yawa har ya fara gundurar kunne, na ga ya fi dacewa in gabatar wa mai karatu rayuwar wani bawan Allah da ya riƙe baitulmali mafi girma a ƙasar Hausa da kewayenta har tsawon shekara 20, wanda shari'a ta ba shi damar ya ci daga cikinsa gwargwadon buƙata, amma ya kame hannunsa. Wannan mutum shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Idan muka auna abin da shi ya bari alhali halalinsa ne, da abin da mu ake neman mu mayar alhali ba namu ba ne, na tabbata muhawarar za ta yi sauƙi.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, ya kuma tashi a cikin jama'ar mahaifinsa, wadda daga baya ta yi zamanta a Ɗegel, a ƙasar Gobir. Gida ne na karatu da karantarwa, inda maza da mata suke zaune da allo da littafi. Ya yi karatu a wajen mahaifinsa, da ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi Ɗanfodiyo, da wasu malamai na danginsu, ya ƙware a Larabci da fiƙihu da tafsiri da hadisi tun yana matashi. Wani abin lura game da gidan shi ne, Shehu ya yi nesa-nesa da dukiyar sarakuna. Sananne ne a tarihi cewa lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ya yi musu kyauta mai tsoka, Shehu bai karɓi tasa ba, sai ya nemi a ba shi damar yin wa'azi, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Haka kuma riwayar baka ta nuna cewa yana tufkar igiya ya sayar domin ya ci da guminsa. A irin wannan tarbiyya Bello ya buɗe ido, kuma Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa.

A watan Fabrairu na 1804, zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira zuwa Gudu. Bello yana da kimanin shekara 23 a lokacin, amma yana cikin waɗanda aka ɗora wa manyan ayyuka, na kai saƙo ga ƙabilu da na jagorancin mayaƙa. An yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekarar, sannan aka sha mummunan kashi a Tsuntsuwa kafin shekarar ta ƙare, inda aka rasa malamai da mahaddata masu yawa. Bayan haka yunwa ta addabi jama'a, har ta kai su ga yin ƙaura zuwa ƙasar Zamfara domin neman abinci, daga can kuma suka gangara Gwandu a 1805. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin waɗannan mutane ba a cikin yalwa suka yi maganar halal da haram ba. Sun yi ta ne a lokacin da ba gona, ba kasuwa, kuma kusan abin da ke shigowa kawai shi ne ganimar yaƙi.

Ita kuwa ganima tana da ƙa'idojinta a shari'a. Ana tara ta wuri ɗaya, a fitar da kashi ɗaya cikin biyar, wato humusi, sannan a raba sauran a tsakanin mayaƙa. Duk wanda ya ɓoye wani abu kafin rabo ya yi gululu, wanda yake cikin manyan zunubai. Amma a cikin rundunar da yunwa ta kora, wadda kuma ta ƙunshi malamai da makiyaya da manoma da masu neman abin duniya, tsare wannan ƙa'ida abu ne mai wuyar gaske, sai dukiyar jama'a ta cakuɗe, ba a iya rarrabe mai tsarki da mai shubuha. A nan ne Bello ya yanke shawarar da ta sa na rubuta wannan maƙala. Alhaji Sa'idu, wani malami da ya zauna a Sakkwato ya kuma rubuta tarihinta, ya ruwaito cewa tun farkon jihadi Bello ya nuna wa mahaifinsa cewa halal ta yi ƙaranci, kuma shi Shehu, da yake nauyin jama'a yana wuyansa, ba shi da makawa sai ya ɗauki abin da lalura ta tilasta, amma shi Bello matashi ne mai ƙarfi a jika, saboda haka zai nemi sana'a ya dogara da ita. Ya kuwa koyi sana'ar, kuma a cewar wannan marubuci, har ya zama sarki daga abin da ya nema da kansa yake ci, ba daga baitulmali ba.

Domin mu san nauyin wannan mataki, sai mu dubi abin da ya faru da Malam Abdullahi. A wajen 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, ya dubi yadda zukatan mutane da yawa suka karkata ga neman mulki da dawaki da tufafi da tara dukiya, ransa ya ɓaci, ya sulale ya bar runduna da niyyar tafiya Makka. A Kano ne jama'a suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam a kan yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, kafin daga baya ya koma gida. Wato ke nan, tun Shehu yana raye, tun kafin a ci Alƙalawa, son abin duniya ya riga ya shiga cikin jama'a, har ya kori babban malaminsu na ɗan lokaci. Bello ya ga duk abin da Abdullahi ya gani, amma bai tafi ba. Ya zauna a cikin aikin, ya ci gaba da ɗaukar nauyinsa, sai dai ya gina katanga tsakanin aljihunsa da dukiyar jama'a. A ganina wannan ya fi kusa da halin da ma'aikacin yau yake ciki, domin yawancinmu ba mu da ikon ajiye aiki mu kama hanyar Makka, dole mu zauna a cikin ofisoshin da muka san abin da ke gudana a cikinsu.

An ci Alƙalawa a 1808 a ƙarƙashin jagorancin Bello, Yunfa ya rasa ransa, mulkin Gobir ya karye. A 1809 Bello ya fara gina birnin Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar daula, ya danƙa wa Abdullahi yamma, ya danƙa wa Bello gabas, shi kuma ya koma ga karantarwa da rubutu. A wannan shekarar ce Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau babu mai rubuta tarihin jihadi ba tare da ya leƙa shi ba, wanda kuma a ciki ya adana wasiƙun muhawarar da suka yi da Shehu Muhammadu Al-Amin Elkanemi na Borno, har da hujjojin da abokin hamayyar tasu ya kafa a kansu. Da Allah Ya yi wa Shehu rasuwa a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi yana da kimanin shekara 36.

Bai karɓi mulki a cikin kwanciyar hankali ba. An sami tsamin dangantaka tsakaninsa da Malam Abdullahi a kan gadon mulki, wadda ba ta warware ba sai da suka haɗu a yaƙin Kalambaina bayan 'yan shekaru. Abdussalami, wanda yake cikin manyan almajiran Shehu na farko, ya yi tawaye a Kware, kuma daga cikin ƙorafinsa akwai batun zalunci da rashin adalci wajen rabon ƙasa. Bello ya yi musayar wasiƙu da shi kafin a kai ga yaƙi, ya kuma rubuta labarin rikicin a Sardul Kalami. Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da wasu Abzinawa sun yi ta tayar da ƙayar baya, har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836. Domin tsare iyaka ya kafa garuruwan ribaɗi, mafi shahara a cikinsu shi ne Wurno, inda shi da kansa ya riƙa zama, ya kuma ƙarfafa wa makiyaya gwiwar zama wuri ɗaya su yi noma su sa 'ya'yansu karatu. Duk da wannan ɗawainiya bai ajiye alƙalami ba, rubuce-rubucen da ake danganta masa sun haura 100, har da na likitanci, kamar na ciwon ido.

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. A tsawon mulkin Bello, Sarki Sambo ne yake riƙe da Haɗeja, kuma masarautar tana cikin na gabas da ke ƙarƙashin tutar Sakkwato. Kamar sauran masarautu, irin su Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi da Katagum, ita ma tana aika nata kason zuwa hedikwatar daula. Saboda haka baitulmalin da muke magana a kai ba baƙon abu ba ne a gare mu. A cikinsa akwai gumin manoman fadamar kogin Haɗeja, da na masunta, da na makiyayan da ke gangarowa da rani, wato kakannin mutanen Kaugama da Auyo da Malam Madori da Kafin Hausa na yau. Mutumin da wannan dukiya take taruwa a hannunsa ya ɗauke ta amana ce ta mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Mu kuwa da muke zaune gari ɗaya da masu dukiyar, muna haɗuwa da su kullum a kasuwa da masallaci, mu ne muke cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne.

Bello bai tsaya ga tsarkake kansa kaɗai ba. A cikin Usulus Siyasa, takardar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya shimfiɗa ginshiƙai bakwai na shugabanci. Daga cikinsu akwai cewa shugaba ya zama mai tsoron Allah wanda ba ya kwaɗayin mulki, ya zaɓi ma'aikatansa daga mutanen kirki ya kuma gindaya musu sharaɗin adalci, ya raya masu sana'a irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masu magani a kowane gari, ya kula da ganuwa da kasuwanni da hanyoyi. Amma ginshiƙin da ya fi taɓa ni shi ne wanda ya juyo da magana kan talakawa, inda ya nuna cewa halin shugabanni madubi ne na halin jama'arsu, idan jama'a suka gyaru a tsakaninsu Allah Ya ba su shugabanni masu tausayi, idan suka zalunci juna Ya jarrabe su da irinsu. Wannan magana ce mai ɗaci ga ma'aikacin da ke zagin manya a kan biliyoyi, alhali shi ya kasa mayar da 'yan dubbai. Bambancin da ke tsakaninsu na dama ne kawai, wannan babbar taska aka buɗe masa, wancan kuwa ƙarama.

Hatta baƙon da ya zo daga nesa ya shaidi sauƙin rayuwarsa. Kyaftin Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya isa Sakkwato a 1824, ya same shi zaune a kan ɗan ƙaramin kilishi a tsakanin ginshiƙai biyu, sanye da riga ta auduga da farin rawani, ya kuma yi mamakin irin tambayoyin da ya yi masa a kan addinin Kirista da al'amuran Turai. Ya sake komowa a 1826, ya rasu a can a 1827. Shi ma Alhaji Umaru Futiyu ya zauna shekaru a wajen Bello har ya auri 'yarsa. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta littafi a kan halayensa, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta yi waƙa a kansu bayan rasuwarsa.

Ba na so mai karatu ya ɗauka ina zana hoton mala'ika ne ko na zamanin da babu aibi. Daula ce ta ƙarni na 19, wadda aka kafa da takobi aka kuma tsare da takobi. Bauta tana cikin ginshiƙan tattalin arzikinta, kuma bayi suna cikin abin da masarautu ke aikawa Sakkwato. Waɗanda aka ci da yaƙi suna da nasu labarin, wanda har yau jikokinsu a Maraɗi da Tsibiri da Argungu suke bayarwa ta wata fuska dabam. Haka kuma marubutan da suka yabi Bello masoyansa ne. Sai dai ko da an rage wani abu daga yabon, abin da ya saura ya ishe mu darasi, domin ya nuna irin ma'aunin da al'ummar wancan lokaci take auna shugaba nagari da shi. Ba su yabe shi da yawan dawaki ko girman soro ba, sun yabe shi da cewa bai ci kuɗin jama'a ba. Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837 yana da kimanin shekara 56, a can kuma kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya gaje shi, ɗansa Aliyu Babba bai hau ba sai a 1842.

To, yanzu bari mu komo kan alat ɗin da ya shigo da ƙari. Da farko dai, karɓar albashi halal ne. Sayyidina Abubakar Siddiƙu ɗan kasuwa ne, da aka ɗora masa halifanci sahabbai suka yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa daga baitulmali domin ya bar kasuwa ya fuskanci aikin jama'a, ko da yake shi ma da ajali ya matso ya yi wasiyyar a mayar da abin da ya karɓa. Abin da Bello ya yi tsantseni ne, ba a wajabta wa kowa shi ba, kuma ni ban ce malamin firamare ya bar albashinsa ya koma tufkar igiya ba. Abin da ake nema a gare mu ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba: ka ci naka duka, har sisin kwabo, ka kuma nemi haƙƙinka idan an tauye, amma abin da ya ɗaru a kan naka ka mayar.

Masu cewa tsintuwa ce, sun manta hukuncin tsintuwa. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, wanda ya tsinci abu mai daraja cigiyarsa zai yi har shekara guda. Manomin Kaugama da bai taɓa shiga aji ba ya san cewa idan baƙuwar akuya ta biyo garkensa, gidan mai unguwa zai kai ta a yi cigiya. Wannan fa a kan dukiyar da ba a san mai ita ba ke nan. Rarar albashi kuwa an san mai ita, sunansa yana rubuce a saman takardar biya. Ga ma'aikacin gwamnati abin ya fi tsanani, domin hadisi ingantacce ya nuna cewa wanda aka ɗora wa aikin jama'a ya ɓoye ko da allura ce, zai zo da ita ranar ƙiyama a matsayin gululu. Haka nan ma'aikacin banki ko kamfani ko makarantar kuɗi, dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, kuma kuskuren akanta ba yarda ba ce.

Hujja ta biyu ita ce ta matsin rayuwa, kuma ba na raina ta. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin komai ya yi tashin gwauron zabo, kuma mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai cike giɓin ba. Yankinmu na Haɗeja ya sha ambaliya a 2020 da 2022, gonakin da ma'aikaci yake dogara da su domin rage cefane suka nutse. Duk wannan gaskiya ne. Amma mu tuna cewa Bello ya yanke tasa shawarar ne a shekarun yunwa da gudun hijira. Bugu da ƙari, kuɗin da aka ƙara maka daga wani wuri aka rage shi: daga maganin asibitin da matarka za ta je haihuwa, ko daga haƙƙin wani tsohon ma'aikaci da ke jiran garatuti, wanda matsinsa ya fi naka.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa su ma suna bin bashi, an riƙe musu ariyas na ƙarin girma ko kuɗin hutu, don haka sun rama ne. Wannan yanke wa kai hukunci ne, ka zama kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne kuma ɗan doka. Idan da gaske kana bin bashi, ka rubuta, ka bayyana rarar da ta shigo, ka nemi a daidaita lissafin a rubuce. Wanda ya yi haka ya ƙarfafa hujjarsa, wanda ya yi shiru kuwa ya miƙa wuƙar da za a yanka shi da ita. Ta huɗu ita ce ta masu cewa ko an mayar wani ne zai cinye. Mai yiwuwa ne, amma shi zai amsa tasa tambayar, kai kuma ka sauke taka. Bello ya san akwai masu wawure ganima a cikin rundunarsa, bai ɗauki hakan izinin ya bi sahunsu ba.

Ko ta fuskar lissafin duniya ma, shiru ba dabara ba ce. Zamanin da ake biyan albashi a ambulan, fayil ya ɓace magana ta mutu, ya wuce. Tun 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na IPPIS ta kwamfuta, a 2015 aka tilasta amfani da asusun bai ɗaya, jihohi da dama kuma suna yawan tantance ma'aikata domin zaƙulo na bogi. Duk kuɗin da ya bi ta banki ya bar sawu. Ranar da masu binciken kuɗi suka gano, za a cire shi daga albashi ko daga haƙƙin ritaya, sau da yawa a lokacin da mutum bai shirya ba, kuma idan ta bayyana cewa ya sani ya ƙi faɗa, maganar ta tashi daga kuskuren wani ta koma rashin amanarsa. Mutum ya yi shekara 30 yana gina suna, ya rushe shi a kan kuɗin da ba su isa sayen buhun shinkafa biyu ba, wannan ba ciniki ba ne.

Shawarata ga wanda ya sami kansa a wannan hali ita ce, da farko kada ya taɓa rarar, ya bar ta a asusu. Ya tabbatar da cewa kuskure ne, domin wani lokaci ariyas ne da gaske ko ƙarin matakin shekara. Idan ya tabbata, ya rubuta takarda zuwa ga shugabansa da sashen kuɗi, ya faɗi wata da adadi, a buga masa hatimi a kwafinsa ya adana. Kada ya miƙa wa kowa tsabar kuɗi hannu da hannu, ya nemi a ba shi asusun hukuma ya zuba ya karɓi rasit, ko a cire daga albashinsa na gaba. Idan ya riga ya kashe kafin ya lura, ya faɗi gaskiya ya nemi a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Wanda kuma yake tausayin akantan da ya yi kuskuren, ya sani cewa gyaran wata ɗaya ya fi masa sauƙi a kan na shekara uku. Idan kuwa wani ya ce masa ya yi shiru a raba, to abin ya tashi daga kuskure ya zama haɗin baki, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Su ma shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni akwai nasu kason. Bai kamata wanda ya kawo kansa ya faɗi gaskiya a mayar da shi abin zargi ko abin dariya ba, ko a yi ta yawo da shi daga tebur zuwa tebur har ya yi da-na-sanin zuwa. A sauƙaƙa hanyar mayarwa, a rubuta masa takardar yabo a sa a fayil ɗinsa, kuma yadda ake gaggawar cire rara, haka ya kamata a gaggauta biyan wanda aka tauye. Adalcin da ke tafiya ta gefe ɗaya shi ne yake koya wa ƙananan ma'aikata yin shiru.

Mu mutanen Arewa muna alfahari da sunan Bello. Mun sa wa 'ya'yanmu, mun sa wa tituna da masallatai, muna ambatonsa a duk taron da aka yi maganar tarihi. Amma gadon da ya bari wanda kowane ma'aikaci zai iya ɗauka, ko ɗan sarki ne ko ɗan talaka, shi ne sanin iyaka tsakanin nawa da na jama'a. Ba kowa ne za a ba riƙon baitulmali ba, amma kusan kowa za a wayi gari an jarrabe shi da 'yan kuɗin da babu mai ganinsa a kansu sai Mahaliccinsa. Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Ya ba mu wadatar zuci, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.